Yadda Maharban Ƙasashen Ƙanƙara ke Tsare Ɗumin Jikinsu

A ƙuryar arewacin Kanada, inda sanyin watan Janairu kan kai digiri 30 ko 40 ƙasa da sifili a ma'aunin Santigiredi, maharbi ɗan ƙabilar Inuwit yakan tsaya a kan tekun da ta daskare, a bakin wani ɗan rami, yana dakon wata dabbar ruwa mai kitse da ake kira sil ta zo shan iska. Yana iya share awoyi a sunkuye da mashi a hannu. Ba shi da damar yin tsalle-tsalle ko buga ƙafa, domin dabbar tana jin motsi ta ƙarƙashin ƙanƙara. In ya motsa, iyalinsa su kwana da yunwa. In kuwa tufarsa ta gaza, shi kansa ba zai koma gida ba.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne, tufa ba ta haifar da zafi. Jiki ne murhun. Daga abincin da mutum ya ci, jikinsa kan samar da zafi kimanin wat 100 a lokacin da yake zaune, watau daidai da ƙwan lantarki guda mai ƙarfi, kuma da wannan ne yake riƙe ɗuminsa a digiri 37. Idan zafin da ke fita ya fi wanda ake samarwa, jijiyoyin jini na fata sai su tsuke, yatsu su sandare, makyarkyata ta kama. Da zarar ɗumin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. In ya ƙara sauka, makyarkyatar ma sai ta tsaya, hankali ya rikice, barci ya zo, kuma daga wannan barcin ba kowa ke farkawa ba.

Aikin tufa shi ne rage gudun fitar wannan zafi, kuma iska ce ke yin aikin. Iskar da aka killace wuri guda ba ta wuce da zafi sai kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya ga kaza ta kumbura gashinta da asubahin hunturu ya ga wannan ƙa'ida tana aiki: iska take tarawa a jikinta. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi da saurin da ya ninka na iska kusan sau 25. Saboda haka rigar da ta jiƙe ta koma ɓarauniyar ɗumi.

A nan ne matsalar maharbi ta sha bamban da ta sauran jama'a. Kafin ya kai wurin farauta sai ya yi tafiya da kaya a cikin dusar ƙanƙara, jikinsa yana samar da zafi ninki huɗu ko biyar na lokacin hutu, ya yi gumi. Daga nan kuma sai ya tsaya cik. Murhu ya lafa, ga shi gumi ya cika guraben da iska ke ciki, yana kuma jan zafi daga fata yayin da yake bushewa, kamar yadda raɓar jikin randa ke sanyaya ruwan cikinta.

Matan Inuwit, waɗanda su ne maɗinka, sun warware wannan matsala tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Suna amfani da fatar karibu, wata dabba dangin barewa, wadda kowane silin gashinta ke cike da ƙananan guraben iska. Ana ɗinka kaya rufi biyu. Na ciki gashinsa na fuskantar jiki, na waje kuma gashinsa na fuskantar waje, ga kuma iska a tsakaninsu. Rigar ba ta matse jiki. In maharbi yana tafiya ya ji zafi, sai ya ture hular rigar baya, tururin jikinsa ya fice ta wuya kafin ya zama gumi, in ya tsaya kuma ya mayar. Takalma sau da yawa na fatar sil ne, domin ba ta barin ruwa ya shiga. Kafin a shiga ɗaki ana kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ta maƙale a gashin da sanda, don kada ta narke ta jiƙa fatar.

Wani matafiyi ɗan ƙasar Nowe, Roald Amundsen, ya zauna kusa da Inuwit na yankin Netsilik daga 1903 zuwa 1905, ya koyi sa irin waɗannan tufafi. Sun yi masa rana a tafiyar da ta kai shi ƙurewar kudancin duniya a ranar 14 ga Disamba, 1911. Sai dai karnuka ne ke ja masa kaya. Mutumin da ke jan kaya da ƙarfinsa, da gumi ya dame shi a cikin fata rufi biyu.

Masana'antu sun bi wannan ƙa'ida da wasu kayan. A 1940 wani Ba'amurke, Eddie Bauer, ya yi rajistar riga mai cushe da lallausan gashin tsuntsayen ruwa, wadda aka ɗinke gida-gida don kada gashin ya tattaru a ƙasa. Ba ta da nauyi, amma in ta jiƙe gashin yakan kwanta, ɗumin ya tafi. A 1979 kamfanin 3M ya fito da Thinsulate, wani siririn zare na roba mai riƙe iska ko da ya ɗan sha danshi. Akwai kuma yadin Gore-Tex, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya shiga, amma tururin gumi yana fita.

Maharban barewa na jihohin arewacin Amurka, irin su Wiskonsin da Minesota, sukan zauna a kan ɗan dandamali a bisa bishiya cikin watan Nuwamba, kuma wasunsu suna amfani da wata tufa mai kama da buhu. Maharbi yakan ɗauko ta a naɗe, ya yi tafiyarsa cikin kaya marasa nauyi don kauce wa gumi, sai ya zauna sannan ya shige cikinta ya ja zif. Ba ta da hannuwa. Hannayen mutum suna ciki tare da gangar jiki, suna shan ɗumin ƙirji, ga shi kuma an rage faɗin wurin da zafi ke fita. Dalilin da ya sa safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarraba su ɗumi ke nan. In dabba ta ɓullo, sai ya buɗe zif ɗin daga ciki a hankali ya fito da hannayensa. Rauninta yana wurin da aka zauna a kai: nauyin jiki yakan matse cushen ya kori iskar, don haka ake shimfiɗa ɗan soso mai tauri a kan mazaunin.

Malami zai iya nuna duk wannan a aji da gwangwani huɗu masu girma ɗaya. A cika su da ruwan zafi a rufe. Na farko a bar shi haka, na biyu a naɗe shi da busasshiyar auduga sakwa-sakwa, na uku da auduga daidai wannan yawan amma a ɗaure ta tamau da zare, na huɗu kuma da jiƙaƙƙiyar auduga. A ajiye su inda iska ke kaɗawa, ɗalibai su riƙa auna zafin kowanne duk bayan minti 5 har tsawon rabin awa. Kafin a fara, kowane ɗalibi ya rubuta gwangwanin da yake zaton zai riga hucewa, da dalilinsa.