Kafin Ku Lissafa Kifin Dam Ɗin Jibiya

'Ya'yana, labari ya iso mu nan Riko cewa wasunku da ke karatun harkar kifi a jami'a suna son haɗa lissafin kwamfuta da zai faɗi yawan tarwaɗa da karfasar da za a kama baɗi a dam ɗin Jibiya. Madalla, Allah ya yi albarka. Sai dai an ce kuna neman cusa komai a ciki: zafin ruwa, laka, ciyawa, ƙwari, tsuntsaye, har da abin da kowane kifi ke ci. A nan nake so ku ɗan dakata.

Duk abin da kuka ƙara, sai kun ba shi adadi. To, wa ya auna muku ƙwarin kogin Gada da ke cika dam ɗin? In ba a auna ba, cinta za ku yi, kwamfuta kuwa ba ta san cinta ba. Karɓa za ta yi ta sarrafa, ta miƙo muku amsa tsaf kamar gaskiya. Irin wannan lissafi yakan dace da shekarun baya ƙwarai, tunda da su aka daidaita shi, amma da an tambaye shi baɗi sai ya fara kame-kame. Tela ne ya ɗinka riga daidai jikin yaro, ya manta yaro girma yake.

A 1965 wani masani a Kanada, Ryder, ya nuna cewa abu biyu kacal, zurfin tafki da yawan sinadaran da suka narke a ruwansa, sun isa a kimanta kifin da zai bayar. A 1974 Henderson da Welcomme suka gwada dabarar a tafkunan Afirka, ta kuma yi amfani. Ban ce manyan lissafai banza ba ne. Ecopath, wanda Polovina ya fito da shi a 1984, yana bin sawun wa ke cin wa a cikin teku, kuma akwai tambayoyin da sai irinsa. Amma shi ciyar da shi ake da awo mai yawa.

Ku kuma riƙa tuna abin da ya faru a Newfoundland ta ƙasar Kanada. Lissafin hukuma ya nuna kifin kod na nan da yawa, alhali ƙananan masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna kukan kamu ya ragu, kifin ma ya ƙanƙance. A 1992 dole aka rufe kamun kod, dubban mutane suka rasa sana'a.

Saboda haka ku fara zama da sarkin ruwa da masu taru, ku rubuta kamun kowane wata da tsayin ruwa. Ku ɓoye wa kwamfutar bayanan shekarun ƙarshe, ku ce ta faɗe su. Ku gwada ƙaramin lissafi da babba a kan haka. In babban bai ɗara ba, ku ajiye shi sai awonku ya ƙaru.