Kafin Ka Sauka Kasuwar Bustan

Ɗana,

Na saurari saƙon da ka bar mini daren jiya har sau biyu, don zumuɗi ya sa kana haɗiye rabin maganar. Allah ya sanya albarka a sabon ofis. Na fahimci ka kama ɗakuna biyu a Hayyul Ashir, kun zama ku shida, kuma aikinku shi ne fassarar takardun asibiti, da tarbar marasa lafiya da ke saukowa daga jirgin Kano, da bin takardun yaran da ke neman shiga Azhar. Ka ce ranar Asabar za ka sauka Bustan sayen kwamfutoci, har wani saurayi ya yi maka alkawarin zai sa maka Windows "mafi girma" kyauta. To, a kan kyautar nan nake so mu ɗan zauna.

Kafin ka tambayi mai shago komai, ka tambayi kanka abin da zai kwana a cikin injinan nan. Hoton fasfon mutane zai kwana. Sakamakon gwajin jinin wani alhaji zai kwana, wanda ko 'ya'yansa bai gaya wa abin da ke damunsa ba. Rahoton likitan wata baiwar Allah da ta zo neman haihuwa a ɓoye zai kwana. Ba kayanka ba ne, ajiya aka ba ka. Masar tana da dokar kare bayanan mutane, mai lamba 151 ta shekarar 2020, kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyaye su. Najeriya ma ta yi tata a 2023. Amma ni ba hukuma nake jiye maka ba. Abin da nake jiye maka shi ne ranar da za ka haɗa ido da mai takardar.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato Windows, suna ɗaya gare ta amma riga daban-daban take sawa. Uku ne za su shafe ka: Home, da Pro, da Enterprise. In ka kunna su duka fuskarsu ɗaya, shi ya sa mutane suke ɗauka bambancin na kuɗi ne kawai. Ba haka ba ne. Home an yi ta ne don mutum ɗaya a gidansa, shi ne mai ita, shi ne mai amfani da ita. Pro an yi ta don wurin da mai kayan daban, mai taɓa kayan daban. Kai kuwa daga ranar da ka ɗauki yaro na farko aiki ka shiga sahu na biyu.

Ga abin da Pro za ta ba ka. Akwai BitLocker, wanda ke kulle rumbun ajiyar kwamfutar gaba ɗaya, ta yadda ko ɓarawo ya ciro shi ya jona a wata na'ura ba zai ga komai ba sai shirme. Home ma tana da wani ɗan makulli irinsa a kan injinan zamani, ba zan ɓoye maka ba, sai dai ba ta barinka ka juya shi yadda kake so, kuma ba ta kulle maka filashin da yaranka za su riƙa yawo da shi tsakanin ofis da asibiti. Pro tana yarda ka shiga kwamfutar ofis daga nesa, kana zaune a ɗakin jiran likita a Muhandisin ka buɗe fayil ɗin da ke Hayyul Ashir. Tana yarda ka shimfiɗa doka, ka ce wannan injin ba a sa masa sabuwar manhaja, wancan ba ya karɓar filashin waje. Mafi girma duka, tana yarda a ɗaura kwamfutar a kan asusun ofis, abin da Microsoft ke kira Entra ID, maimakon asusun wani mutum. Home ba ta shiga wannan ko kaɗan.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa na ce wannan ne mafi girma, ko da yake ba na son tuna shi. Lokacin da nake riƙe da ɗan ofishina na fassara, na sayi laftof sabuwa na miƙa wa wani yaro mai hazaƙa da ke yi mini aiki, na ce ya shirya ta. Ya shirya ta tsaf, da imel ɗinsa. Ban ga laifi ba, ban ma san akwai abin dubawa ba. Bayan ya gama karatu ya koma gida, wata rana injin ya sami matsala, mai gyara ya taɓa wani abu a cikinta, da muka kunna sai ga shuɗin allo yana neman lambobin ceto guda 48. Lambobin suna cikin asusun yaron. Yaron yana wani ƙauye da sai ya hau tudu waya ke shiga, kuma ya manta kalmar sirrin imel ɗin, lambar wayar Masar da ya buɗe shi da ita kuma ta daɗe da mutuwa. Bai cuce ni ba, yaron kirki ne, har kuka ya yi mini a waya. Amma aikin wata huɗu yana nan a gabana, a kan teburina, a cikin na'urar da na saya da guminna, ban isa in buɗe ba. Makullin da aka yi don ɓarawo ni ya kulle a waje.

Saboda haka ko wace kwamfuta ka saya, kai za ka fara kunna ta, da asusun ofis. Lambobin nan 48 ka buga su a takarda, ka rubuta sunan injin a kai, ka ajiye kwafi ɗaya a gida ɗaya a wurina in ka so. Yaranka kuma ka buɗe wa kowa asusu na ma'aikaci, ba na shugaba ba. Ba rashin yarda ba ne. Ko a kanti, yaron shago yana sayarwa amma ba shi ke kwana da makullin sito ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta shi.

Akwai wani tarko da ya fi kama irinmu a nan Alƙahira. Laftof da yawa masu sauƙin kuɗi suna zuwa da wadda ake kira Home Single Language. Ita harshe ɗaya take magana da shi, wanda aka kafa ta a kai, ba ka sauya shi daga baya. Za ka iya ƙara mata allon rubutu na Larabci ko na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, wannan ba matsala, amma umarnin da ke kan fuskarta yana nan a harshen farko. A ofis irin naka, inda ɗan Azhar ya fi sakewa da Larabci, wanda ya zo daga Zariya kuma bai iya karanta shi da sauri ba, wannan ƙaramin abu zai riƙa ci muku rai kullum. A kan Pro kowa yana shiga asusunsa ya tarar da harshen da ya zaɓa.

Yanzu ga Enterprise, wadda saurayin nan ya kira mafi girma. Gaskiya ya faɗa, ita ce babba. An yi ta don banki da ma'aikatar gwamnati da irin manyan kamfanonin da ke Smart Village a hanyar Iskandariyya ta hamada, wuraren da ke da ɗaruruwan injina da mutanen da aikinsu kawai kula da su. Ba a sayar da ita ɗaya-ɗaya a kan kanta kamar wayar caja. Yarjejeniya ake yi, ana biya bisa yawan ma'aikata, kuma a kan lasisin Pro ake ɗora ta. To ka ga wanda ya ce zai sa maka ita kyauta cikin minti ashirin, me zai sa maka? Zai sa ta ne tare da wata 'yar manhaja da ke yaudarar injin cewa an biya. Kafin ta zauna sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar da ke kama ƙwayoyin cuta. Kai ba ka san wanda ya rubuta ta ba, shi ma saurayin bai sani ba, saukowa ya yi da ita daga intanet. Ka buɗe wa baƙon da ba ka ga fuskarsa ba ƙofar ɗakin da ka tara fasfon mutane. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗana. Abubuwan da Enterprise ta fi Pro da su kuwa, ku shida ba za ku taɓa ko ɗaya ba. Babbar riga ce aka ɗinka wa wani, kai za ka yi ta tuntuɓe da ita.

Na san inda zuciyarka take, a kan kuɗi. Farashin Microsoft na Pro yana wajen dala 199, Home 139, ɗaga Home zuwa Pro kuma dala 99. Tun ranar 6 ga Maris 2024 da aka saki fam ɗin Masar ya tashi daga wajen 31 a dala ya doshi 50, duk abin da aka rubuta da dala sai mutum ya ja numfashi. Amma akwai hanyar halal mai sauƙi, kuma a cikin Bustan ɗin take. Injinan ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda Misirawa ke ce wa istirad, irin su Dell Latitude da HP EliteBook da Lenovo ThinkPad, yawancinsu da lasisin Pro aka ƙera su, yana binne a cikin allon injin. Ko an yi wa kwamfutar fomatin, in aka sa Pro ta gaskiya aka jona intanet, da kanta za ta tabbatar da lasisinta. Abin takaicin da na sha gani shi ne a goge wannan na halal ɗin a ɗora na sata a kai, wai don a burge mai saye.

Ga yadda za ka gane. Kafin ka miƙa kuɗi, ka ce a kunna a gabanka. Ka rubuta winver a wurin bincike, zai nuna maka ko Home ce ko Pro ko Enterprise. Sannan ka buɗe baƙin allon umarni ka rubuta slmgr /xpr. In ta ce lasisin na dindindin ne, madalla, ka ci gaba da dubawa. In ta ba ka ranar ƙarewa nan da 'yan watanni, ka san irin aron nan ne na kwana 180 da ake yi wa injinan kamfani, kuma kai ba ka cikin kamfanin. Ka ce masa, ya bashmuhandis, nuskha asliyya nake so, wato ta asali, kuma a rubuta mini a fatura, wato rasit. Mai gaskiya zai rubuta. Wanda ya fara rantsuwa da idanunsa maimakon ya ɗauki biro, ka yi masa godiya ka hau bene na gaba, shagunan ba sa ƙarewa.

Ka kula da shekarun injin ma. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, bayan shekara goma. Ofishin da ya nace sai ya zauna a kanta sai ya sayi kariya, dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, 122 a ta biyu, 244 a ta uku, daga nan kuma shi ke nan. Windows 11 kuwa tana da sharaɗi. Tana son wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar Intel ce, tana son ƙarni na takwas zuwa sama. Dubi lambar da ke bayan i5 ko i7: in ta fara da 6 ko 7 mai lamba huɗu, bar ta komai kyanta. Su ne za ka ga an zubar da farashinsu, kuma za a ce maka ai ana iya tura mata 11 da dabara. Ana iyawa. Amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan injin gyara ba.

Gyaran nan da ake aikowa kada ka raina shi. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Maganinta ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin nan, waɗanda ta kama ba su sa shi ba ne. Ranar Talata ta biyu ta kowane wata ake sakin gyaran. A kan Pro kana iya tsara lokacin da injinan za su karɓa su sake tashi, sai ka sa daren Alhamis tunda Juma'a ba aiki, kada su tsaya maka ana tsakar buga rahoton wanda jirginsa zai tashi da yamma.

Za ka haɗu da samarin da za su ce ka bar Windows gaba ɗaya ka koma Ubuntu, kyauta ce kuma halal. Ba su yi ƙarya ba, kuma ina ganin girmansu. Ina nan garin a Disambar 2012 lokacin da irinsu suka yi zanga-zanga saboda gwamnati ta amince ta biya Microsoft sama da dala miliyan 43 kuɗin lasisi. In da aikinku a intanet kawai yake da na ce ka gwada. Amma ku takardun Word kuke karɓa, Larabci daga dama Turanci daga hagu a shafi ɗaya, da jadawalin gwaje-gwaje a tsakiya, kuma dole su koma wa likita yadda suka zo. In kana sha'awa, sa ta a kan tsohuwar kwamfutarka ta gida ka koya a hankali.

Abu ɗaya da ba Pro ba Enterprise da zai yi maka: in rumbun ya mutu, ya mutu da abin da ke ciki. Sayi rumbun waje guda biyu, ka kulle su da BitLocker, ka riƙa kwafe aiki duk mako, ɗaya yana ofis ɗaya yana gida kuna musanyawa.

Ranar Asabar kada ka riga ni. Zan hau jirgin ƙasa daga Ain Shams in sauka tashar Sadat wajen ƙarfe goma sha ɗaya, don kafin nan rabin shagunan ba su buɗe ba. Ka zo da takarda ka rubuta sunan kowane yaro da irin aikin da zai yi, wataƙila ma kwamfutoci huɗu za su ishe ku a yanzu. Saurayin nan kuma kada ka kunyata shi, alheri ya nufa. Ka taho da shi, zai fi mu sanin wanda ke da batir mai kyau. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka ce mata ban manta da yajin da ta yi mini alkawari ba.

Baffanka.