Halayen Damisar Asiya a Gandun Dajin da Ake Kiwonta

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin damisa, har ya yi mata kirari da "damisa ƙi sabo". Sai dai damisar da ya sani ita ce mai ɗigo-ɗigo ta dazuzzukan Afirka. Akwai 'yar'uwarta mai zane-zane baƙaƙe a kan jan gashi, wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba, kuma asalinta nahiyar Asiya ne. Da yake babu ita a ƙasar Hausa, harshen bai tanadar mata suna nata na kanta ba, shi ya sa masu fassara kan ce "damisar Asiya" ko "damisa mai zane". Wannan muƙala za ta duba yadda wannan dabba take rayuwa idan mutum ne ke tsare da ita.

Yininta

Damisa mai zane takan shafe mafi yawan rana a kwance cikin inuwa. Idan zafi ya tsananta sai ta shiga ruwa ta jiƙa, domin gwanar iyo ce. Da almuru da asuba ne take tashi ta zaga yankinta. A nan ake gane ko wurin da aka ajiye ta ya dace. Wadda aka tsare a ƙaramin keji takan riƙa kai-komo a kan layi ɗaya ba tare da dalili ba, alamar ƙunci ke nan. A shekarar 2003, Ros Clubb da Georgia Mason na Jami'ar Oxford sun nuna cewa dabbobi masu cin nama da suka saba yawo mai nisa a daji su suka fi yin wannan kai-komo idan aka tsare su. Saboda haka masu kula da ita kan ɓoye mata nama, su sauya lokacin ciyarwa, su tanadi kududdufi da ciyayi masu duhu.

Hulɗarta da 'yan'uwanta

Zakuna kan zauna a garke, ita kuwa damisa ita kaɗai take farauta. Amma kaɗaicin nan bai hana ta sadarwa ba. Takan fesa fitsari a jikin bishiya, ta karce ɓawonta da farce, ta goga kumatunta. Duk wadda ta zo wucewa za ta sansana ta gane wace ce mai wurin, da kuma ko mace ce da ta shirya barbara. Idan biyu da suka saba suka haɗu, sukan yi wani huci mai taushi ta hanci, baki a rufe, wanda shi ne gaisuwarsu. Wadda aka raina a hannu takan yi wa mai kula da ita irin wannan huci. Kwantar da kunnuwa da yage baki kuwa gargaɗi ne.

Dangantaka mafi ƙarfi ita ce ta uwa da 'ya'yanta. Cikinta kan ɗauki kimanin wata uku da rabi, ta haifi biyu zuwa huɗu, su zauna tare da ita kusan shekara biyu suna koyon farauta. Wadda aka haifa a keji wannan makarantar ce take rasawa.

Misalin Laohu

Damisar Kudancin Sin ta ɓace daga daji, sai a gidajen namun daji ake samunta. Ƙungiyar Save China's Tigers, wadda Li Quan ta kafa a 2000, ta buɗe gandun Laohu a lardin Free State na Afirka ta Kudu don koya wa irin waɗannan damisoshi rayuwar daji. A 2003 aka kai 'ya'ya biyu, Cathay da Hope, daga Sin, a 2004 aka ƙara Tiger Woods da Madonna. An fara su da ƙananan abin farauta, sannu a hankali har suka iya kama wata irin barewa mai farin goshi da kansu. Hope ya mutu a 2005, amma a Nuwamban 2007 Cathay ta haihu.

Kammalawa

Abin da Laohu ya nuna shi ne, ciyar da damisa kawai bai isa a ce an ceci irinta ba. Sai ta sami fili da maɓoya, da damar kusantar 'yar'uwarta ko guje mata idan ta ga dama. Ɗalibin harshe kuma zai lura cewa kirarin "ƙi sabo" ya hau kanta ta fuskar zaman kaɗaici, ko da yake tana da gaisuwa da gargaɗi irin nata.