Darasin Turanci: Kalmar "Grow" Da "Growth"

Manomi ya fi kowa cancantar sanin wannan kalma, domin a gona aka haife ta. Ana furta "grow" kamar a ce "guro". Ma'anarta tsirowa ko girma.

Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mutanen Ingila "growan" suke cewa, kuma galibi tsirrai suke nufi da ita. Girman yaro ko na maraƙi wata kalma ce daban, "weaxan". Ita ce ta koma "wax", wadda yanzu an fi jin ta a kan wata idan yana ƙara cika. Sannu a hankali "grow" ta ƙwace mata wuri, ta game mutum da dabba da gari.

Masana harshe sun ce "grow" da "green", wato kore, da "grass", wato ciyawa, duk tushensu ɗaya ne. Wanda ya ga yadda daji ke komawa bayan ruwan farko ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kalmar tana sauya kama. Abin da ke faruwa kullum "grow" ne, na jiya "grew", wanda ya riga ya kammala "grown". Ba a cewa "growed", ko da yake ɗalibai da yawa kan faɗa wannan rami. "We grow millet" na nufin muna noman gero.

A ƙarni na 16 aka liƙa mata "th", aka sami "growth", sunan girman kansa. Wannan ita ce iyaye mata ke gani a katin awon yara na asibiti, "growth chart". Duk wata ana auna nauyin yaro a ɗiga a katin. Idan layin yana hawa, madalla. Idan ya miƙe ko ya fara gangarowa, yaron na bukatar a duba abincinsa da lafiyarsa tun da wuri.

Amma akwai inda ya kamata a yi hattara. Idan likita ya ce mutum yana da "a growth" a wuya ko a mama, ba yabon girma yake yi ba. Ƙari yake nufi, wato tsiron da ya fito inda bai kamata ba. Wani ƙarin ba shi da illa, wani kuwa daji ne, kuma sai gwaji ke bambance su. Majiyyacin da ya ji wannan kalma ya nemi a fassara masa da Hausa, ya kuma tambayi ranar da zai koma.