Ƙasar Filin Jirgin Sama da Haƙƙin Maƙwabtanta

Shekarun da na shafe ina aikin awon filaye da ƙimanta kadarori, aikin da ya kai ni ofisoshin hukuma da zaurukan dagatai ba adadi, sun tabbatar mini cewa a cikin dukiyar jama'a babu wadda mutane suka jahilci sha'aninta kamar ƙasar da ke cikin shingen filin jirgin sama, domin talaka, in ya hangi wayar da aka kewaye wurin da ita, ya kuma ga jami'an tsaro a bakin ƙofa, sai ya ƙudurta a ransa cewa abin da ke ciki ya fi ƙarfin tambayarsa, alhali kuwa gonar kakansa ce aka karɓa aka shinge.

Tun daga 1925, lokacin da jirgin sama ya fara sauka a Kano, har zuwa filayen da jihohi suka gina wa kansu a Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe, al'adar ɗaya ce: akan yanki ƙasa mai faɗin gaske, saboda tsaro da kuma tanadin faɗaɗawa nan gaba, amma abin da titin jirgi da ɗakin fasinjoji ke ci daga cikinta kaɗan ne. Ragowar ita ce ake bayarwa haya ga masu ma'ajiyar man jirgi, da rumbunan kaya, da otal, da gidajen mai, da shaguna, da masu kafa allunan talla, kuma a nan ne kuɗi suke, a nan ne kuma ido ya fi ƙaranci.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mai gona idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, sa'an nan diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan nuƙuɗa ita ce tushen maganata. Manomin da aka biya kuɗin gerensa da tsamiyarsa kawai, aka ce ya tashi saboda maslahar al'umma, bai sayar ba, sallamawa ya yi; wanda kuwa ya sallama domin jama'a yana da haƙƙin sanin ko jama'ar ce ta amfana.

Na taɓa zuwa wani filin jirgi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin sake tantance iyakokin wani fili da aka bayar haya. Da aka kawo fayil ɗin, takardunsa sun yi ja don tsufa, gara ta ci gefensu, na duba na ga an rubuta ranar da haya ta fara, amma gurbin ranar ƙarewa fayau yake, kuɗin shekara kuma yana nan yadda aka yanka shi tun kafin darajar naira ta faɗi, ba sharaɗin sabuntawa ko ɗaya. Wanda aka ba hayar ya daɗe da yanka filin gida uku ya ba waɗansu, yana karɓar ninkin-ba-ninkin abin da yake biya. Ina cikin neman duwatsun iyaka a cikin ciyawa sai wani dattijo da ke kiwon awaki a bayan shinge ya matso, ya yi sallama, ya nuna da sandarsa ya ce, "Malam, daga waccan kukar zuwa inda tankin nan yake gonar mahaifinmu ce, an ce mana jirgi zai riƙa sauka a kai." Na ce, "Baba, Allah ya ba da haƙuri." Ban sami abin da zan ƙara ba, domin abin da ke kan gonar a ranar wurin wankin motoci ne.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a duhu ba. A mazhabar Malikiyya, ijara ba ta inganta sai an san ladan da za a biya, an san amfanin da aka yi hayar dominsa, an kuma san ajalinta, saboda jahiltar ɗayansu garari ne mai haifar da husuma. Ayar bashi kuma, wadda ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, umurni ce da rubutawa da kafa shaidu. In haka shari'a ta tsananta a kan dukiyar mutum ɗaya, to, ina ga dukiyar baitulmali, wadda mai sa hannu a kanta wakili ne kawai, ba mamallaki ba? Wanda yake ganin ajali ƙaramin abu ne ya dubi Legas, inda aka ba kamfanin Bi-Courtney ginawa da gudanar da tashar jiragen cikin gida da aka buɗe a 2007, aka kuma shafe shekaru ana shari'a tsakaninsa da hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, wato FAAN, shi yana cewa wa'adinsa shekara 36 ne, ita tana cewa 12.

Kwangilolin hidima su ma haka ne, ko da yake mutane sun fi raina su: shara, yankan ciyawa, gyaran fitilun titin jirgi, gyaran shinge, karɓar kuɗin ƙofa da na ajiye motoci. Dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta 2007 ta wajabta wa hukumomin tarayya su yi shela, su bar masu nema su yi takara a fili, jihohi kuma suna da nasu dokokin makamantan wannan. Amma a ganina wurin da aka fi yin sakaci shi ne bayan an bayar, wato wa zai fita ya duba da idonsa kafin a sa hannu a takardar biya. Ciyawar gefen titin jirgi ba don ado ake yanke ta ba. In aka bar ta ta yi duhu a damina, sai ta tara fara da ɓeraye, su kuma su jawo belbela da shirwa, tsuntsu ɗaya kuwa in ya faɗa cikin injin jirgi lokacin tashi yana iya jefa rayuka masu yawa cikin haɗari. Ɓarakar shinge da aka biya kuɗin ɗinke ta ba a ɗinke ba, ita ce ƙofar da dabba za ta bi ta hau titi da dare.

Sau da yawa in na tayar da wannan zance a gaban kansiloli sai su ce sha'anin jiragen sama na Gwamnatin Tarayya ne, ba ruwansu. Gaskiya ne tsarin mulkin 1999 ya keɓe harkar sufurin sama ga tarayya, kuma ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba da haya a cikin shinge, ko soke ta. Sai dai tsarin mulkin nan dai, a jadawalinsa na huɗu, shi ne ya ɗora mata kwashe shara, da kula da mahauta, da kasuwanni, da tashoshin mota, Dokar 1978 kuma ta ba ta ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya a ƙasar da ba ta cikin birni. Jujin da aka bari ya taru kusa da hanyar saukar jirgi, da mahautar da ungulaye ke shawagi a kanta, da filayen da ake yankawa a jikin shinge ana sayarwa da takardar hannu, duk a gabanta suke faruwa. Dogon gini ko ƙarfen sadarwa a kusa da filin jirgi sai da izinin hukumar sa ido kan sufurin jiragen sama, wato NCAA, amma mai unguwa ne zai fara ganin an zuba harsashi. Mutanen Gwammaja kuwa, waɗanda jirgi ya faɗo a kan gidajensu ranar 4 ga Mayu, 2002, jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, sun isa shaida cewa maƙwabcin filin jirgi yana da kaso a cikin haɗarinsa, saboda haka ba shisshigi ya yi ba in ya nemi bayani.

Hanyar neman bayanin kuma a buɗe take. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya takarda, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma yanka wa hukumar kwana 7 ta ba da amsa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin rashin ƙarfi ya ragu a wuyansu.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da filayen jiragen sama, da kansilolinsu, da iyayenmu hakimai da dagatai, su nemi taswirar iyakar filin su ajiye kwafinta a sakatariya inda kowa zai iya gani, su rubuta su tambayi wa aka ba haya, shekara nawa, a kan nawa, kuma don wane aiki, su kuma kawar da juji da mahauta daga hanyar jirgi tun kafin damina ta kankama. Kai kuma ɗan'uwa, in an yi maka tayin fili a jikin shingen filin jirgi, kada ka ba da ko sisi sai ka kai takardar ma'aikatar ƙasa ta jiharka an tantance ta.