DARASI DOMIN IYAYE: KOYA WA ƘANANAN YARA GOGE HAƘORA

Sau da yawa mu kan ji iyaye suna cewa, "Ai haƙoran yarinta ne, za su zube, waɗansu su fito." Saboda wannan magana a kan bar bakin yaro ba wanki, sai ran da ya kwana yana kuka, kuncinsa a kumbure, sa'an nan hankalin gida ya tashi. Bari mu bincika wannan al'amari tare, gama aikin kula da bakin ƙaramin yaro yana wuyanmu, mu iyaye.

1. Amfanin haƙoran fari

Haƙori na fari ya kan tsiro sa'anda jariri ya kai wajen wata 6. Kafin ya cika shekara 3 ya kan sami haƙora 20. Famfara ta kan soma wajen shekara 6, amma turamen baya su kan zauna har shekara 10 zuwa 12. Ashe haƙorin da mu ke renawa zai yi wa yaro aiki kusan shekara 10. Da shi zai tauna abinci, da shi zai koyi faɗin kalmomi sosai. Har wa yau kowane ɗaya yana riƙe wa babban haƙorin da ke ƙarƙashinsa wuri. Idan aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi su kan matso su toshe gurbin, sabon ya fito a karkace.

Wannan wahala ba ta gidanmu kaɗai ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, an lissafta yara wajen miliyan 514 masu ruɓaɓɓun haƙoran fari.

2. Abin da ke cin haƙori

Waɗansu suna tsammani tsutsa ce ke shiga haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ga yadda abin ya ke. Idan kun kankare haƙori da farce da safe, za ku ga wata dauɗa fara mai yauƙi. Cikinta akwai ƙwayoyin cuta ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne. In sun ci sukari su kan fitar da wani tsami, tsamin kuwa ya riƙa narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya yi kogo. Ɓawon haƙoran yara bai kai na manya kauri ba, don haka ɓarnar ta fi sauri a wurinsu.

Miyau ya kan wanke tsamin, ya gyara abin da ya soma lalacewa, amma sai an ba shi lokaci. Yaron da ya wuni yana tsotson alewa, ya sha lemon kwalba, ya ci biskit, bakinsa bai sami hutu ba ko kaɗan. Da dare kuma miyau ya kan ragu ƙwarai. Domin wannan ne yaron da a ke kwantar da shi da kwalbar shayi ko koko mai sukari a baki, haƙoransa na gaba na sama su kan fara baƙi tun yana shekara 2.

3. Man da ya dace

A kasuwa akwai man goge baki iri iri. Wani yana da hoton dabbobi a kwali, wani yana da ƙanshin lemo. Kada hoto ko zaƙi su ruɗe mu. Abin nema shi ne wani sinadari da a ke kira fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori ya iya jimre wa tsami.

Labarin gano shi abin mamaki ne. A 1901 wani likitan haƙori, sunansa Frederick McKay, ya zauna a garin Colorado Springs na Amurka. Ya tarar haƙoran mutanen wurin da yawa suna da tabo ja-ja, amma kuma ba su cika ruɓewa ba. Sai a 1931 aka gane fuloraid ne ya yi yawa cikin ruwan shansu. Daga nan masana suka fahimci cewa kaɗan daga cikinsa yana tsare haƙori, mai yawa kuwa yana ɓata shi. A 1945 birnin Grand Rapids ya soma sa ɗan kaɗan cikin ruwan famfo, daga baya aka shiga sa shi cikin man goge baki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

In za ku saya, ku juya kwalin ku karanta ƙananan rubutun da ke baya. Ku nemi lamba tare da haruffan nan uku, ppm. Na yaro kada ya kasa 1000 ppm. Man da manya ke amfani da shi ya kan kai 1350 zuwa 1500 ppm, yana kuwa yi wa yaro, muddin an kiyaye yawan da za a sa. Saboda haka gidan da ba shi da halin sayen iri biyu, guda ɗaya ya isa. In yajinsa ya dami yaron, a nemi mai sauƙin ɗanɗano. Ku duba ranar ƙarewar aikinsa, a Nijeriya kuma ku duba lambar NAFDAC. Man da aka yi domin ƙara hasken haƙoran manya bai dace da yara ba. Haka nan gawayi da toka, gama suna kankare ɓawon.

4. Yawan da za a sa

A nan iyaye da yawa ke kuskure. Su kan cika buroshi da mai daga wannan baki zuwa wancan, kamar yadda a ke nunawa a talla. Ƙaramin yaro bai iya tofarwa sosai ba, ya kan haɗiye. Idan ya daɗe yana haɗiye mai yawa, manyan haƙoran da ke girma cikin dasashi su kan fito da ɗigo fari-fari. Ga ma'aunin:

Daga haƙori na fari zuwa shekara 3, a shafa kamar ƙwayar shinkafa ɗaya.

Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake.

Babba ne zai matsa man da hannunsa, sa'an nan ya ajiye shi inda hannun yaro ba zai kai ba. Bayan gogewa yaron ya tofar, amma kada a kurkure da ruwa, domin ɗan abin da ya rage ya ci gaba da aiki a kan haƙoran.

Akwai wuraren da ruwan ƙasa ke da fuloraid fiye da kima. An san wannan a Langtang cikin Jihar Filato. A Tibiri kusa da Maraɗi kuwa, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa cikin shekarun 1980 ya ɓata haƙoran yara masu yawa, har ya tanƙwara ƙasusuwan waɗansu. In a garinku yawancin mutane suna da jan tabo a haƙora tun suna yara, ku shawarci ma'aikacin lafiya a kan ruwan sha da kuma man. Ku sani tafasa ruwa ba ya fitar da fuloraid.

5. Yadda a ke koyarwa

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Tun haƙori bai fito ba, uwa ta riƙa shafa dasashin jariri da tsumma mai tsabta da ta jiƙa. Ran da haƙori ya leƙo, ran nan gogewa ta soma, sau biyu kowace rana. Na dare shi ne babba, bayan an gama ci da sha duka.

A nemi ƙaramin buroshi mai taushi. Uwa ko uba ya zauna, ya ɗora yaron bisa cinya, ƙeyarsa ta jingina da ƙirji, yadda za a ga cikin bakin. A ɗaga leɓe da yatsa. A goga a hankali ana kewayawa, musamman inda haƙori ya gamu da dasashi: waje, da ciki, da bisan turame. Sa'anda haƙora suka cika, aikin ya kai minti 2.

Ɗan shekara 2 ya kan ce shi zai yi da kansa. Ku bar shi ya fara, ku yabe shi, kāna ku ce, "To, saura nawa," ku gama. Yara da kwaikwayo su ke koyo, don haka ku goge naku a gabansa, yayyensa ma su tsaya tare da shi. Ku ƙirga masa haƙoran da ƙarfi, ko ku sa ya buɗe baki kamar kada. Wata rana zai ƙi, ya rufe baki gam. Kada a duke shi, kada a tsorata shi da allura, kada kuma a yi masa alkawarin alewa. A ɗan dakata, a sake gwadawa. Amma kada a kwana ba a goge ba, gama in ya ga kuka yana fisshe shi, gobe ma zai yi. Hannun yaro ba ya ƙwarewa sai wajen shekara 7 ko 8. Kafin nan babba ya tsaya a kai.

Kowane yaro da nasa buroshi, a sake shi bayan wata 3 ko in gashin ya baje. Asuwaki yana da amfani wajen fitar da dauɗa. In shi ke hannu, babba ya daddaka bakinsa ya yi laushi, ya goga wa yaron da ɗan man a kai. Kada yaro ya yi gudu da asuwaki ko buroshi a baki.

6. Lokacin zuwa asibiti

Sau ɗaya a wata ku ɗaga leɓen yaro na sama a cikin haske. In kun ga fari kamar alli a gindin haƙora, ruɓa ce ta soma, a wannan mataki kuwa ana iya tsai da ita. In akwai kogo ko zafi, a kai shi wurin likitan haƙori. Kada a ɗiga masa fetur ko ruwan batir, kada a cusa dakakkiyar ƙwayar magani cikin kogon, gama suna ƙone dasashi. In fuska ta kumbura da zazzaɓi, a tafi ran nan, kada a jira gobe.

'Yan'uwa, ƙwayar shinkafa ɗaya ta mai da minti 2 safe da dare ba su da tsada. Bari kowane gida ya soma a daren yau.

Tambayoyi

1. Haƙoran fari nawa ne, wane aiki kuma su ke yi?
2. Don me gogewar dare ta fi muhimmanci?
3. Wace lamba za mu nema a kwalin man goge baki?
4. Yaya yawan man ɗan shekara 2 ya bambanta da na ɗan shekara 5?
5. A gidanku, wa ke tsayawa a kan wannan aiki kowane dare?