Kiɗi mai kwance ƙahwa

Ka taɓa ganin tsoho ya taso za shi masallaci, ya kawo bakin zaure, sai ya tsaya cik? Shina son wucewa, amma ƙahwahunshi sun kahe kamar an ɗaure su da ƙasa. In ya zamna, hannu guda shina ta makyarkyata. In ya tashi, sai ya duƙa gaba, shina jan ƙahwa. Nan Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, wasu su ce tsuhwa ce, wasu su ce sammu ne ko iska. Sau da yawa kuwa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Sunanshi Farkinson.

Wani lokotoro na Ingila, Jems Farkinson, shi ya yi bayaninshi a 1817. Hukumar Lahiya ta Duniya ta ce a 2019 masu shi sun hi miliyan 8 da rabi. Ka ji labarin Muhammadu Ali, ɗan damben Amurka? A 1984 anka gano shina da ciwon nan, kuma ya rayu har 2016.

In za ka gona, ba ka ƙidayar takinka. Ƙwaƙwalwa ce ke tahiyar da ƙahwa da kanta, da taimakon wani sinadari da ake ce ma dofamin. Ciwon nan shina kashe ƙwayoyin da ke yin dofamin sannu-sannu, sai tahiya ta ƙi zuwa da kanta. Akwai magani, lebodofa. Shina sassauta jiki ƙwarai, amma ba ya kashe ciwon. Don haka ake haɗa shi da motsa jiki. Mai koya ma mara lahiya motsa jiki a asibiti, shi ake ce ma kine.

To, ga abin da masu bincike sunka gano, kuma manomi ba zai yi mamaki ba. Ka san yadda ganga ke ɗaukar mutane ran gayya, ko wanda ya gaji sai ka ga ya bi kiɗi. Haka shi ma mai Farkinson. In kunne ya ji bugu daidai-daidai, ƙwaƙwalwa tana bin wata hanya wadda ciwon bai lalata ba, sai ƙahwa ta ɗaga.

Yanzu salula ta isa ta yi kiɗin. Ana sa mata wani abu, metoronom, mai bugawa ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba ya sauri, ba ya nawa. Ka duba agogo, ka ƙidaya takin tsohon cikin minti guda. In 90 ne, ka aje bugun a 90. Kowane bugu, taki guda, babba, diddige ta riga sauka. Ku yi a wuri mai daidai, lokacin da magani ke aiki a jiki, kai kana gefenshi. Kine ne zai ce a ƙara sauri ko a rage.

Ido ma hanya ce. A Turai akwai sanda mai jefa jan haske bisa ƙasa, mutum ya riƙa ƙetara shi. Manyan asibitoci suna da injin da ake tahiya bisanshi wuri guda. Kai da ke Matankari ko Kore Mairuwa, toka ta ishe ka. Ja layuka da ita a bakin ƙohwa, tsakaninsu taki guda.

In ya kahe, kada ka ja hannunshi! Nan ne ake hwaɗuwa, kuma ƙashin ƙugun tsoho in ya karye, da wuya ya sake tashi. Bari ya tsaya, ya miƙe, ya karkata dama, ya karkata hagu. Ka ce: "Baba, ɗaya, biyu, taka!"

Ba kowace makyarkyata ce Farkinson ba, sai lokotoro ya duba. Ku soma da likitar garinku. In ta kama, su tura ku asibitin Dutsi, daga nan Doso ko Yamai. Yamai kusan kilomita 270 ce daga Dutsi, ba tahiyar kullum ba ce. Ran da kunka ga kine, ka roƙe shi izini ka ɗauki bidiyon motsin da ya koya ma tsohon. In kun koma gida, ku riƙa kallo kuna yi, sahe da marece.